Yadda Na Kai Habu Nijar da Katin Yayansa

Tun ranar da muka dawo ban huta da tambaya ba. A Islamiyya, a gidan suna, har a bakin rijiya: "Innar Habu, yaya Nijar ɗin? Da gaske ne burodinsu ya kai tsawon sanda?" Nakan ce lafiya lau, in wuce. Ba rowar labari nake yi ba. Akwai wurin da in na zo kansa bakina ba ya iya tsallakewa. Shi ya sa na nemi littafi, tunda na yi firamare har aji shida, na ce bari in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa saura.

Sai na fara da abin da ya fitar da mu daga gida.

Ƙauyenmu yana gefen Danja, sana'ar gidanmu mazarƙwaila. Malam, mai gidana, yana da injin matse rake, 'ya'yana maza biyu su ke yanka, su ɗauko, su dafa. Babban shi ne ɗan farina. Kun san al'ada. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. A ɗakin kakarsa ya tashi, "Yaya" ma yake ce mini. In zan yi maganarsa sai in ce "wancan". Habu ƙanensa ne, shekara biyu ne tsakaninsu, suna kama kamar an tsaga kara.

Bara, lokacin yankan rake, wancan ya fara ramewa, alhali yana cin tuwon mutum uku. Zufa yake yi ko ana sanyi. In ya riƙe kofi hannunsa na rawa. Idanunsa suka firfito kamar wanda ya ga abin tsoro. Wata asuba aka kira salla bai fito ba. Muka same shi kwance, idonsa biyu, hankalinsa garau, babu inda ke masa ciwo, amma ƙafafunsa sun ƙi motsi, kamar na wani aka ara masa. Aka kira malami ya yi tofi. Kafin azahar ya miƙe ya tafi inji, kowa ya yaba wa malamin. Sau uku ana haka.

A na huɗun maza duk sun yi sammako sun tafi fadama, kakarsa kuma ta riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai ce a gida. Babu mai ganina. Na ɗora kansa a cinyata, na jiƙa mazarƙwaila a ruwan ɗumi kamar yadda kowane gida a Danja ke yi wa wanda ƙarfinsa ya ƙare, na riƙa ba shi a baki.

Ya yi dariya. "Yaya, yau ni ake ba a baki? Ashe ciwo ma yana da ranarsa."

Na ce, "Sha, ka bar surutu."

Kofi uku ya sha. Mai kemis ya zo ya ɗaura masa ruwa. Kafin hantsi ya ce ƙirjinsa kamar ana daka a ciki. Daga nan dakan ya tsaya.

Bana da rake ya nuna, sai Habu ya fara: ci babu ƙiba, zufa, rawar hannu. Ranar da ya fara faɗuwa, da na shiga ɗakin, abin da ya ce mini ke nan: "Inna, Yaya ne ya zauna mini a ƙafa." Wancan yake nufi.

Muka kai shi wani asibiti a wajen Funtuwa. Amma kafin layi ya zo kanmu la'asar ta yi, Habu da ƙafarsa ya shiga. Likitan yaro ne mai gaskiya. Ya duba, ya ce bai ga komai ba. Ya ce akwai wani ciwo a littafi mai kama da wannan, amma na mutanen Chana ne da maƙwabtansu, ba kasafai yake kama baƙar fata ba, don haka ba ya jin shi ne. Ya rubuta maganin ƙarin jini. Maganar nan ta riga mu isa gida. Washegari ƙauye ya ɗauka cewa iskar 'yan Chana ce ta shiga gidanmu, tunda kamfaninsu da ya yi titi shi ya sare tsamiyar bakin fadama. Wata ma ta ce, "Ku komai naku na musamman ne, har aljaninku ɗan waje."

Maƙwabciyata Rahila, Kirista ce, ta yi aikin ungozoma a Malumfashi har ta ajiye. Ita ce ta ce mini, "Innar Habu, bar su da shirme. In ciwon na mutanen can ne, a kai shi wurin mutumin can." Ta san wani asibiti a gaba da Maraɗi, inda wani likita daga wancan ɓangaren duniya ya shekara da yawa yana aiki. Malam ba ya iya barin inji, rake in an yanka ba ya jira. Sai aka ce ni in tafi da shi.

Da safen tafiya na buɗe gwangwanin da Malam ke ajiye takardu. Katunan ɗan ƙasa na yaran biyu suna ciki. Ban so in ga fuskar wancan ba, sai na kau da kai, na zaro ɗaya, na ƙulle a bakin zane. Na ɗaure mazarƙwaila curi ashirin a ƙunshi, guzuri da tsaraba.

A Malumfashi muka hau motar Katsina. Direban ya bi ta Yashe, ya ce ɗaya hanyar ba ya ba ta amana. Rana ta yi zafi, mazarƙwailar ta fara naso, tun daga Kankiya ƙudan zuma suka shigo motar suka ƙi fita. Wata tsohuwa mai daddawa ta yi ta kaɗa mayafi tana salati. Wani ɗan kasuwa a gaba ya waiwayo ya ce, "Ba sai an tambaya ba, 'yan Danja ne. Ku ko maƙabarta za ku sai kun tafi da zaƙi." Mota ta kwashe da dariya. Habu ya dube ni, na dubi taga.

Daga Katsina muka sake mota zuwa Jibiya. A kan iyaka aka sauke mu duka, aka karɓi katuna. A ɓangarenmu kallo ɗaya aka yi mana aka miƙo. A ɓangaren Nijar wani jandarma, wato ɗan sandansu mai kama da soja, ya zauna a ƙarƙashin rumfa yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa a takardar izinin wucewa. Ya kira nawa na amsa. Sai ya ɗaga na gaba. Zan rubuta sunan a nan, tunda daga bakinsa ya fito.

"Lawali!"

Babu wanda ya amsa. Rana tsaka, ga jama'a, ga awaki, amma na ji sanyi ya bi bayana, har na waiga. Wallahi na waiga.

"Lawali! Ba shi nan?"

Habu ya dubi ƙullin zanena, ya dube ni, ya gane abin da na yi. In ya ce ba shi ba ne, mayar da mu za a yi, ko ma a ce takardar wani muka sato. Ya ɗaga hannunsa mai rawa ya ce, "Ga ni."

Jandarman ya dubi hoto, ya dubi fuska. "Ka rame, abokina. Mi ad damuwarka?"

"Asibiti za mu."

"Allah shi ba da lahiya, Lawali."

Na kwance ƙunshi na ba shi curi ɗaya don in samu abin yi da hannuna. Ya yi godiya, ya ce rabonsa da ita tun yana yaro.

Ba mu yi nisa da iyaka ba muka wuce wani gari, na karanta allon bakin titi: Danja. Na ɗauka idona ne. Wata mata a gefena ta ce, "I, haka sunanshi yake." Gari ne mai yashi, babu rake ko ɗaya, babu hayaƙin inji. Habu ya ce a hankali, "Inna, ga garinmu na wannan ɓangaren." Na ce ya yi shiru.

Ga masu tambayar yadda ƙasar take. Hausa suke yi, amma sai ka kasa kunne. Asibiti su ce masa likita, likita kuma su ce lokotoro. Agogonsu ba ya tsayawa a sha biyu, sai ka ji an ce mota za ta tashi ƙarfe goma sha biyar. Maganar burodin gaskiya ce, dogo ne, bayansa da tauri, a hammata ake ɗauko shi ba leda. Suna kwaɗa zogale da ƙuli kamar mu, amma furarsu ta fi tamu ruwa. Mutane ne masu gaisuwa, ba a gaggawa da su.

Da yamma muka isa asibitin. Malamin da ke yankar kati ya karɓi takardar jandarma ya kwafe sunan da ke jiki. Ban gyara masa ba. Habu yana tsaye garau a kan ƙafarsa, aka ce mu dawo da safe a ɗebi jini.

Masauƙin masu jinya wata doguwar rumfa ce a bayan katanga, kowa da tabarmarsa da murhunsa. Kusa da mu wani dattijon Buzu ne, yana jinyar matarsa, rawaninsa ya rufe masa baki. Ya tambayi sunan ɗana. Kafin Habu ya yi magana wata ta leƙa katin ta faɗa masa. Shi ke nan, rumfa gaba ɗaya ta ɗauka. "Lawali, taya ni da jarkar nan." "Lawali, zo ka kama buhu." Habu ba ya iya zama ana aiki. Ya yi ta jidar ruwa daga famfo har magariba, ya taya wani sauke buhunan gero daga amalanke. Ni kuwa ina zaune, sunan yana ta wuce ni ta dama da hagu, sunan da shekara ashirin da bakwai ban bari ya hau harshena ba. Kowane kira sai na ga mai amsawa ya juyo da irin tafiyar, da irin wuyan.

Da ya gaji ya zauna, ya ci shinkafa kwano biyu da rabin burodin nan. Dattijon ya dafa shayi irin nasu, ƙananan kofuna, sau uku, kowane ya fi na baya sukari. Ni kuma na fasa masa curi guda ya haɗa.

Da asuba na ji ana ce mini, "Inna." Muryar ba ta da tsoro, shi ya fi ba ni tsoro.

"Ya zo. Yau har hannu ya riƙe."

Na ɗaga ƙafarsa na saki, ta faɗi kamar tsumma. Maza huɗu suka ɗauke shi a tabarma. Kafin su ɗaga shi na riga na zuba ruwan ɗumi daga butar shayin dattijon, na jefa mazarƙwaila a kofi. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya san aikinsa. Na bi su da kofin ina juyawa da yatsa.

Aka kwantar da shi a gado. Wata ma'aikaciyar jinya ta karanta kati ta sunkuya a kansa. "Lawali, kana jina? Lawali?"

Ya juyo da idonsa wajena, don shi kaɗai yake iya juyawa. "Inna, ki gaya musu. In aka ƙara kirana da sunan nan tafiya zan yi."

Na ce, "Sha tukuna." Na tallafo kansa, na kai kofin bakinsa.

Sai wani hannu ya rufe bakin kofin. Ɗan ƙaramin hannu ne, fari, mai jijiyoyi. Na ɗaga kai na ga wani tsoho gajere, mai furfura da ƙananan idanu. Ya buɗe baki, Hausar Maraɗi ta fito.

"Uwa, mi ne ne wanga?"

"Mazarƙwaila ce. Don ya samu ƙarfi."

Ya karɓi kofin a hankali, kamar mai karɓar wuƙa daga hannun jariri, ya ajiye can bisa taga. Ya kama wuyan hannun Habu yana duban agogo. Ya shafa gaban wuyansa ya ce ya haɗiye yawu. Ya tambayi abin da ya ci jiya da aikin da ya yi. Ya sa aka ɗebi jini da gudu, aka manna masa wayoyi a ƙirji. Ya ce wa ma'aikaciyar kada a ɗaura ruwa mai sukari, ko ɗigo.

Sai ya juyo gare ni. "A gidanku wani ya taɓa yin irin wanga?"

Na ce, "Wani ya yi."

"Wa?"

"Wani dai."

"Uwa, ba ni da lokaci. Ɗan'uwanshi ne na jini? Ya warke ko bai warke ba? Ina son in san inda abin ke kaiwa a gidanku kafin in san saurin da zan yi da Lawali."

Habu ya rufe ido da jin sunan. Na ga ƙirjinsa yana harbawa ta cikin riga, irin dakan nan. Na san in na faɗi gaskiya za a iya cewa mun shigo da takardar ƙarya. Na kuma san ɗakin cike yake da mutane, kuma ni uwa ce mai kunyar ɗan fari. Na ce:

"Wannan ba Lawal ba ne. Wannan Habu ne. Lawal ɗana ne na fari. Lawal ya rasu bara, a kan cinyata."

Ban san muryata za ta iya ɗaukar sunan ba. Sau uku ya fita. Babu wanda ya yi maganar takarda. Ma'aikaciyar ta ciro biro ta ja layi a katin, ta rubuta wani suna a sama, ta sunkuya ta ce, "Habu, sannu." Ya buɗe ido.

Na faɗa wa likitan komai, da ramar, da zufar, da dakan ƙirjin, da kofi ukun. Bai tsaya jin ƙarshe ba. Ya sa aka ba Habu wasu ƙwayoyi na kwantar da zuciya, aka ɗaura masa wani ruwa daban yana ɗiga a hankali, shi kuma ya ja kujera ya zauna yana kallon na'urar. Hantsi ya yi, ya wuce. Wajen azahar babban yatsan ƙafar Habu ya motsa.

Da la'asar likitan ya zo rumfarmu da kansa, ya zauna a tabarma. Ya ce shi ba ɗan Chana ba ne ko da yake haka ake kiransa, ƙasarsu Filifin, tsibirai ce a cikin teku. Ya ce a gaban wuyan kowa akwai wata 'yar tsoka, ita ce in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ta Habu ba ta kumbura sosai ba, amma tana aiki fiye da kima, kamar inji da aka danne wa wuta. Ita ta kawo ramar da zufar. Akwai kuma wani gishiri a cikin jini da ƙafa da zuciya ke aiki da shi. In mai irin wannan wuyan ya yi aikin ƙarfi, ya ci tuwo ko zaƙi da yawa, ya kwanta, sai gishirin ya gudu daga jini ya ɓuya a cikin nama. Ƙafa ta mutu. In ya ƙara guduwa, zuciya ta rikice.

Dattijon Buzu ya ce, "To a ba shi kanwa mana."

Likitan ya yi dariya ya ce a'a, kada wanda ya gwada.

Na tambaye shi, da gaske ciwon nasu ne? Ya ce a ƙasarsu, da Chana, da Japan, da maƙwabtansu, duk likita ya san shi tun yana ɗalibi, don jikin mutanen can ya fi saurin kamuwa. Kawunsa ma ya yi, bayan girbin shinkafa. A Turawa kaɗan ne, a baƙar fata ma kaɗan ne. Kuma abin mamaki, ciwon wuyan ya fi kama mata, amma mutuwar ƙafar maza ta fi bi. Sai ya ce, "Amma kaɗan ba babu ba ne. Kuma abin da an ka ce ba naku ba ne, wa zai neme shi a jikinku?"

Na jira har mutane suka watse wajen salla. Na ce, "Likita, wanda na ba wancan fa? Kofi uku."

Na gode masa da bai yi mini ƙarya ba. Ya ce, "Ciwon na iya kai shi ko ba ki ba shi komi ba. Amma zaƙin bai taimake shi ba. Ban san fiye da haka ba, uwa. Ke ma ba ki sani ba a lokacin."

Na ce to.

Kwana tara muka yi. Aka ba mu ƙwayoyin wuya da takarda zuwa ga likitan da ya fara ganinmu, a ci gaba da awo a gida. Sauran mazarƙwailar na raba wa 'yan rumfa. A iyaka, a dawowa, na miƙa takardar asibiti na faɗi abin da ya faru da katin tun ba a tambaye ni ba. Jandarman da ke wurin ya karanta, ya dube ni, ya ce, "Allah shi jiƙanshi," ya ɗaga mana hannu.

Habu yana shan maganinsa, ya fara mayar da jiki. Yana zuwa inji, amma ba ya lasar abin da yake dafawa, abokansa suna ce masa mahaucin da ba ya cin nama. Wata huɗu ke nan bai faɗi ba. Har yanzu in an kira asuba ba na tashi sai na ji ƙarar butarsa a tsakar gida.

Abin da nake roƙonku ɗaya ne. Duk wanda kuka ga ya wayi gari idonsa biyu, ƙafarsa ta ƙi tashi, kada ku jiƙa masa komai. Ku kai shi asibiti a kwancen, kafin ƙafar ta dawo, ku ce a duba wuyansa da jininsa.

Malam bai san maganar kofi ukun ba. Zai ji ta ranar da aka karanta wannan, na kuwa yarda ya ji.

Katin asibitin yana wurina, ban mayar da shi gwangwani ba. Sunan Habu yana sama. Na ƙasan an ja masa layi, amma layin siriri ne, ana iya karantawa. Wani lokaci da hantsi, in maza sun tafi fadama gidan ya yi shiru, nakan ɗauko shi in karanta da murya.

Allah ya jiƙan Lawal.